Idon Gane Kuskure Da Bakin Kwaikwayo

Wannan mako ina so mu yi magana a kan wani abu wanda da yawa cikinmu mu ke ɗauka wasan yara ne kurum, watau katun, zanen nan mai motsi da 'ya'yanmu su ke kallo a talabijin ko a waya. Daga Talata Mafara zuwa Bakura, har Maradun, da wuya ki shiga gida mai yara da maraice ba ki iske an haɗa kawuna bisa waya guda ba, ana kallon kyanwa tana bin ɓera. Iyaye mata sun rabu biyu a kan wannan. Waɗansu sun ce ɓata lokaci ne, su kan ƙwace wayar. Waɗansu kuwa sun mai da shi 'yar raino, su miƙa wa yaro don su sami sararin tuƙa tuwo. Ni dai malamar firamare ce, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ta mata da ke Gusau ba. Abin da na lura da shi shi ne, yarinya ta kan ɗauko abu biyu daga katun ba tare da kowa ya koya mata ba. Na fari, idon gane kuskure. Na biyu, bakin kwaikwayo. Dukansu kuwa kamar wuƙar girki su ke, da ita a ke yanka albasa, da ita kuma a ke yanke yatsa.

Bari mu fara da yadda a ke yin abin, gama sai wadda ta san saƙar tabarma ta ke gane inda kaba ta kauce. Katun ba ya motsi da kansa. Zane ne birjik, kowane ɗaya ya ɗan bambanta da na bayansa, a ke wucewa da su gaban ido da sauri, har ido ya ruɗu ya ga kamar motsi. A sinima hoto 24 ke wucewa cikin sakan guda. Masu katun sau da yawa su kan bar zane ɗaya ya tsaya sau biyu, ya zama zane 12 ke nan cikin sakan. To, 'yan makaranta, ku ɗauko fensir mu yi lissafi. Kashi ɗaya na katun ɗin talabijin ya kan kai kamar minti 22. Minti 22 sakan 1,320 ne. In kun riɓanya sau 12, kun sami 15,840. Kafin zuwan kwamfuta, da hannu a ke yin wannan aiki duka. Wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada bisa wata takardar roba garai-garai kamar gilashi, wani ya shafa launi ta bayanta, sa'an nan wani ya aza ta bisa hoton ɗaki ko na daji ya ɗauka da kyamara. Ke da ki ke yi wa amare ƙunshi, kin san hannu biyu ne kawai gabanki, amma da wuya zanen dama ya yi daidai da na hagu ɗigo da ɗigo. To, ina ga zane dubbai, a hannun mutane da yawa, kowa yana sauri?

Na fara sanin yara suna da wannan ido a shekarar 2021, shekarar da ba mai mantawa da ita a ƙasarmu. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, bayan 'yan kwanaki aka sako su 279. Ran 1 ga Satumba aka sake kwashe ɗalibai a Kaya, cikin ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a jihar duka har makonni. Ina gidanmu a Bakura a lokacin. Yara ba makaranta, ba yawo, ba sabon abin kallo. Abin da ya rage musu sai wani ɗan memori wanda yayanmu ya sa aka cika masa a Mafara tun kafin a rufe kasuwa. Cikinsa akwai kashi guda na wani katun, labarin wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu. Yaran ba su jin Turancin, amma duk ran da waya ta sami caji shi za su kalla. A kallo na fari dariya suka yi ta yi. A na biyar suna faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Kafin a kai na ashirin sun koma masu duba aiki, sai ka ce sufeto ya sauka makaranta.

Wata ƙanwata mai shekara tara ita ce shugabarsu. Sai ki ji ta ce, "Yaya, tsai da shi! Mai da baya kaɗan." Matar gidan ta ajiye tukunya bisa tebur, aka juya wajen miji ya yi magana, aka dawo, ba tukunya, alhali kuwa ba wanda ya ɗauka. Hular yaron gidan ja ce, ya duƙa ta koma shuɗiya, ya miƙe ta dawo ja. Maigidan ya sheƙa da gudu cikin ɗakinsa, suka ƙirga ya wuce taga guda da kujera guda har sau shida. Ƙanwata ta ce, "Yaya, wanga ɗaki nashi ya hi hanyar Mafara tsawo." Innarmu tana bakin murhu tana jinsu, ta ce, "Ku da ko kaza ba ku iya zanawa, ku ka ganin laihin mutane?" Muka yi dariya. Amma ni abin da ya faranta mini rai shi ne, cikin kwanakin da babba ma ba ya iya tara hankalinsa wuri ɗaya, ga yarinya ƙarama ta kafa ido bisa abu, ta riƙe abin da ta gani ɗazu, ta gwada shi da na yanzu. Wannan shi ne ainihin abin da mu ke wahalar koya wa yara a aji, ko a lissafi, ko a shifta, ko a karatun taswira.

Sai dai abubuwan nan uku da suka kama ba iri ɗaya ba ne. Tukunya da hula kuskure ne na gaskiya, wani ya manta, wani ya tsoma burushi a launin da ba shi ba. Taga mai maimaituwa kuwa tsimi ne, da gangan aka yi. Waɗansu mutanen Amurka biyu, William Hanna da Joseph Barbera, su suka ƙago kyanwa da ɓeran nan, Tom da Jerry, a 1940, don nunawa a gidajen sinima, inda a ke kashe kuɗi mai yawa bisa wasan minti bakwai. A 1957 suka buɗe nasu kamfani, suka koma yi wa talabijin aiki. Ga kuɗi kaɗan, ga lokaci kaɗan, ga shi ana son sabon kashi kowane mako. Sai suka yi dabara irin ta mace mai baki da yawa da cefane kaɗan. Su zana guntun bango guda, su yi ta juya shi a bayan mai gudu. Su sa wa mutum wani abu a wuya, ko kwalar riga ko tsakiya, don a raba kai da gangar jiki. Jiki ya tsaya zane ɗaya, kai da baki kaɗai a ke sakewa in yana magana. Wadda ta san haka ba ta ce musu ragwaye ba, gama ta san yadda a ke ƙara ruwa a miya in baƙi sun sauka.

Da wannan dabara suka fito da wani katun mai suna The Flintstones ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe Nijeriya za ta karɓi mulkin kai. Labarin wani magidanci ne, Fred, da matarsa Wilma, da maƙwabtansu, kuma da dare a ke nuna shi, lokacin da manya ke kallo. Aka yi kashi 166 kafin a tsaya a 1966. Katun ɗin nan ɗungum kwaikwayo ne. An ce mutanen zamanin dutse ne, amma zamansu na mutanen Amurka ne na 1960. Suna da mota mai ƙafafun dutse, da ƙafa a ke tura ta. Ɗan giwa ke share musu ɗaki da haurensa a gaba da hancinsa a ƙasa. Bakin tsuntsu shi ne allurar garmaho. Har sunayen mashahuran 'yan wasa su kan ɗauko su murɗa. Wani ɗan wasan sinima, Tony Curtis, suka liƙa masa kalmar dutse ta Turanci ya koma Stony Curtis, kamar dai a ce wani ya mai da Gusau ta koma Dutsau. Mutumin Amurka yana kallo yana ganin motarsa da bashinsa da gardamarsa da matarsa, an sa musu warki, sai ya yi wa kansa dariya.

Bayan shekaru aka sami wani wanda ya fi shi daɗewa, The Simpsons, na wani mai zane Matt Groening, wanda aka fara nunawa ran 17 ga Disamba, 1989. Mutanen cikinsa launin ɗorawa ne, yatsu huɗu-huɗu a hannu. Wannan ma da kuskure ya buɗe ido. A Amurka a ke tsara shi, sa'an nan a aika Koriya ta Kudu a ƙarasa zane da launi. Kashin da aka shirya farawa da shi ya dawo a lalace, har aka jinkirta fara shirin, aka sa wani gaba, shi kuwa sai a watan Mayu na 1990 aka nuna shi bayan gyara. Akwai kuma wani ma'aikaci cikin labarin, Smithers, wanda a fitowarsa ta watan Janairu na 1990 mai shafa launi ya yi shi baƙi-baƙi, daga baya aka mai da shi ɗorawa kamar sauran. Kun ga ke nan ko inda a ke zuba kuɗi da gwanaye, tuntuɓe bai ƙare ba.

Masu wannan shiri gwanayen kwaikwayo ne. A wani kashi na Janairu 1993, maigidan, Homer, ya tashi daga aiki ya shiga mota yana kwaikwayon yadda a ke buɗe The Flintstones, yana rera karin waƙarsu da sunansa a ciki, har ya kai wa itace karo. Wadda ba ta taɓa ganin na farin ba, wani wawa kawai ta gani ya faɗa wa itace. Yaran gidan kuma suna da nasu katun da su ke kallo cikin katun, na wani ɓera da kyanwa, Itchy da Scratchy, wanda a ke yi wa Tom da Jerry ba'a da shi ta hanyar cika mugunta har ta wuce hankali. Ran 9 ga Fabrairu, 1997, aka nuna kashi na 167, wanda da shi suka zarce The Flintstones yawa, a ciki kuwa suka juyo kan masu farautar kuskure. Wani saurayi ya miƙe cikin taro yana tuhuma, wai ɓera yana kiɗa bisa haƙarƙarin kyanwa, ya bugi ƙashi guda sau biyu amma amo biyu ya fito, yana fata an kori wani daga aiki saboda haka. Homer ya tambaye shi abin da ya sa ƙato mai da'awar basira ya ke ɓata ranarsa a kan wasan yara. Saurayi ya janye maganarsa. A nan zan ja kunnen iyaye, wannan shiri na manya ne. Ba kowane zane mai motsi aka yi don ƙananan yara ba, saboda haka a duba abin da ke cikin memori kafin a miƙa.

Kada wata ta ce wannan hikimar Turawa ce. Mun gaje ta tun ba a san majigi ba. In azumi ya kai goma, yara su kan fito tashe. Yaro ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda, ga Tsoho da Gemu. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi, ga Jatau Mai Magani. 'Yan mata su sa wa ɗayarsu riga da hula, su lulluɓe ɗaya, ga Mairama da Daudu, ana nuna zaman miji da mata gaban matan auren da aka kwaikwaya, su kuwa su yi dariya su ba da hatsi. Ga kuma 'yan kama, waɗanda su kan ɗauko karin waƙar da kowa ya sani, ko muryar mai wa'azi, su cika ta da tuwo da miya da nama. A namu zamani marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya yi Ibro Ɗan Indiya, ya kuma yi Ibro Awilo yana kwaikwayon Awilo Longomba, mawaƙin Kwango. Mu nan kuwa muna da namu ma'auni. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, makaɗin kotso na fadar Maradun, ya yi wa Sardauna waƙa, ya rasu a 1991. In wani ya shaƙe murya irin tasa wurin biki, abokansa suka karɓa kamar 'yan amshi, kafin ya rufe baki wuri ya ɗauka. A kai mutumin nan birnin Landan ya yi haka, ko murmushi ba mai yi masa. Kwaikwayo ba ya ci sai mai ji ya san asali. Don haka duk wanda a ke kwaikwayon aikinsa shekaru bayan ransa, aikin nan ya shiga zuciyar jama'a.

Har wa yau, kakanninmu sun sa wa ba'a iyaka. Ku dubi wasan Kanawa da Zazzagawa, ko na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa, ko na kaka da jika, ko na taubasai. Cikin kowane ɗaya, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma an san zai rama. Tsohon da a ke wa tashe shi ke da gida, shi ke da rumbu, in ya ga dama ya kori yara da sanda. Malamin da ɗan kama ke kwaikwayo, gobe shi zai ba da salla. Ba'a ta kan hau tudu ne, ko ta tsaya tsakanin tsara. Ba a san ta da gangarawa kan wanda ke ƙasa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana duka shi ne wani abu da ya faru a ajina a Talata Mafara. Ina da wata yarinya, Allah ya yi mata baiwar kwaikwayo. Ta kan yi tafiyar kyanwar katun sa'ad da ta ke sanɗa, ta kan yi muryar mai tallan kifin Bakolori, ta kan yi ni kaina, yadda na ke gyara mayafi in ce, "Ina saurara." In ta yi nawa na kan yi dariya, gama ta iya. Sai aka kawo mini wata baƙuwa, ita da uwarta sun baro ƙauyensu na ƙasar Maradun da dare, sun sauka wurin dangi. Yarinyar tana da in'ina, uwar ta ce tun daren nan ta same ta. Ba a yi wata guda ba sai ga uwar a bakin aji. Muka gaisa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ɗiyag ga ta ce ba ta koma zuwa." Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce a hanyar komawa gida wata ke kwaikwayon maganarta, sauran suna tafi. Ta ƙara da cewa ita dai da ma ba ta so kawo ta ba, dangi suka matsa, in ta zauna gida ta ɗauki talla ai sun sami na gishiri.

'Yan'uwana, kun san abin da kawo ɗiya mace makaranta ya ke nufi a ƙasarmu bayan 2021. Uwa ta danne tsoro ta kawo, sa'an nan dariyar minti biyu ta mai da ita gida. Na roƙi uwar ta ba ni mako guda. Na kira mai kwaikwayo ita kaɗai. Ta ce, "Malama, wallahi wasa ni kai. Ke ma ina yin naki kina dariya." Na ce gaskiya ne. Na tambaye ta, in ta yi nawa, wa ke riƙe da alli da rajista? Ta ce ni. Na ce in na ji haushi ina iya hanawa? Ta ce i. Na ce ita waccan fa, in ta buɗe baki za ta rama, me zai faru? Ta yi shiru, gama ta san amsa, ramuwar ma abin kwaikwayo za ta zama. Ban doke ta ba, ban kuma ce ta daina kwaikwayo ba. Na ce nawa dai na ba ta, ta yi ta yi har ta gama firamare.

A makon nan na sa aji wani aiki. Kowace ƙungiya ta zo da tsohon littafin rubutu wanda ya cika. A kusurwar ƙasa ta kowane shafi su zana mace tana daka, shafi 12, taɓarya tana hawa kaɗan-kaɗan tana sauka. In aka kama gefen littafi da babban yatsa aka saki shafuka da sauri, sai mace ta yi daka. Na haɗa mai kwaikwayo da baƙuwa ƙungiya ɗaya. Da aka gama muka gwada, aji ya kece da dariya. A wani littafi turmi yana kumbura yana motsewa kamar kwaɗo. A wani ɗankwali ya ɓace a shafi na bakwai ya dawo a na tara. A wani taɓarya ta fara doguwa ta ƙare muciya. Waɗannan su ne yaran da ke kama kuskuren katun a gida, ga shi zanen sakan guda ya kayar da su. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wata ta kawo shawara a danna biro da ƙarfi wajen zana turmi a shafin fari, don sawunsa ya fito a na ƙasa a bi. Na ce mata wannan ita ce dabarar Hanna da Barbera, abin da ba ya motsi a zana shi sau ɗaya.

Sa'an nan baƙuwar ta ɗaga hannu, karo na fari tun zuwanta. Maganar ta yi nauyin fitowa, aji ya jira. Ta ce, "Ba nan a ka riƙon taɓarya ba. Tsakiya a ka riƙo. Kuma in za ta sauka, gwiwa na ɗan lanƙwasa." Duk zanen ajin an riƙe taɓarya ta sama kamar sandar makiyayi, mace kuma a sandare. 'Yan birni ne, inji ya saba yi musu niƙa, ita kuwa da turmi ta tashi. Mai kwaikwayo ta miƙe ta gwada da tsintsiya yadda aka faɗa, baƙuwa tana gyara mata, sauran suna zanawa. Nasu littafi ya fi na kowa kyau. Ba su zama aminai ba, kowace tana da nata ƙawaye, amma baƙuwar ta gama shekarar a ajina, ta kuma wuce aji na gaba.

Saboda haka ga roƙona gare ku iyaye mata. In kin sami sarari, ko na minti goma ne, zauna tare da su wurin kallo. In ɗiyarki ta kama kuskure, ki yaba mata, kana ki tambaye ta yadda ta ke zaton abin ya faru, da yadda ita za ta gyara. In ta yi kwaikwayo kuka yi dariya, ki tambaya wa ta ke yi, ko yana nan, ko shi ma zai yi dariya in ya gani. Ki kuma sa wa kallo lokaci, bayan aikin gida da na makaranta, gama ko zuma ce in ta yi yawa ta kan gundura. Ku kuma ƙannena, idon nan da ku ke ganin hula ta sāke launi, ku juya shi kan littafinku kafin ku miƙa wa malama, za ku tsinci waƙafin da ya faɗi da sifirin da ya ɓace. Ita ce kuma basirar da ungozoma ke aiki da ita, da tela, da mai awo a kasuwar Talata.

Wadda ta gwada zanen daka a gida, ta fara daga shafin ƙarshe tana dawowa baya, don ta riƙa hango zanen ƙasa ta cikin takarda. Kada dai a taɓa littafin da a ke aiki da shi. Ina kuma son 'yan matan Bakura da Maradun da ƙauyukan gefen gulbi su rubuto mini ta hannun Edita, su faɗa mini irin tashen da har yanzu a ke yi a unguwarsu da wanda aka bari, mu buga a wannan fili don na baya su sani. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.